Naulak da Natsik ɗin da Ya Nutse

Duk garinmu an san Naulak ba ya iya zama. Ko a coci ka same shi, ƙafarsa na rawa, idonsa na kan taga. In ya shigo gidanka shan shayi, a tsaye zai sha yana leƙen teku, kofin ma sai ka bi shi har ƙofa ka karɓe. Shekararsa sittin da huɗu, amma har yau ba a ƙera kujerar da za ta riƙe shi minti goma ba. Matarsa Ulipika takan ce ita ba miji ta aura ba, iska ta aura, iskar ma mai gemu.

Wuri ɗaya tak yake iya tsayawa cak, shi ne bakin ramin natsik. Natsik, karen tekun nan mai zobe-zobe a fata, in teku ya daskare yakan bar ɗan rami a ƙanƙara inda yake zuwa shan iska. Naulak kan tsaya a kan ramin nan a sunkuye, awa uku, awa huɗu, ko gira ba ya ɗagawa, gemunsa ya yi fari fat da sanyi. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce! Mun sha tambayarsa yadda yake yi, sai ya ce, "A can ai ba jira nake yi ba, baƙo nake tarba." Daga nan ya yi gaba abinsa kafin ka sake wata tambayar.

Ubansa Ineak ne ya sa masa wannan magana a baki. A sansanin farauta aka haifi Naulak, tun kafin a tattaro mutanenmu cikin gari, kuma yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya kama natsik ɗinsa na farko. Ya jawo shi kan ƙanƙara cike da murna, ya zaro wuƙa. Ineak ya riƙe masa hannu. Tsohon ya ɗebi dusar ƙanƙara ya cusa a baki, ya jira ta narke, ya buɗe bakin dabbar da yatsa ya ɗiga mata ruwan.

"Duk rayuwarsa cikin ruwan gishiri ya yi ta," in ji Ineak. "Da ƙishi ya zo maka. Ka ba shi ruwa tukuna, sannan ka taɓa wuƙa."

Aka rabe naman gida-gida, fatar aka kai wa tsohuwar da ta yanke masa cibiya. Shi kuwa mai kamun ko loma ɗaya bai samu ba, don haka al'ada take. Ya ce ya kwana da yunwa ranar, amma bai taɓa jin ƙoshi irin nata ba.

Abin da ya ɓata masa rai har tsufa kuwa, yana ɗan shekara goma sha tara ya faru. Watan Yuli ne, lokacin da kowane maharbi yake taka-tsantsan. Natsik ya gama canza gashi, ya daɗe bai ci sosai ba, kitsen da ke riƙe shi a saman ruwa ya zube. Ga kuma ƙanƙara na narkewa, ruwan sama-sama ya yi salam, ba gishirin da zai ɗaga komai. In ka harbe shi daga nesa, kafin kwale-kwale ya isa ya yi ƙasa. Naulak ya san wannan sarai. Amma da samari a cikin jirgin, yana so a ce ya iya, sai ya saki harsashi daga inda bai kamata ba. Ya samu kan kuwa daidai. Da suka isa ba komai sai ɗan jini da maiƙo a kan ruwa.

Ineak bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya miƙa hannu ya karɓi bindigar, ya ce, "Wa ya ci?" Naulak ya sunkuyar da kai. "Tambayarka nake yi. Ka kashe shi, to wa ya ci?" Bai mayar masa da bindigar ba sai da teku ya sake daskarewa. Tun daga ranar, shekara arba'in da biyar, Naulak bai sake asarar natsik ko ɗaya ba. Ba ya faɗa da baki, amma mun san da wannan yake taƙama, fiye da duk abin da ya mallaka.

Ya auri Ulipika yana ɗan ashirin da biyu. Natsik ɗin farko da ya kawo mata bayan aure, da ya zo yanka haƙarƙari sai ya riƙa yankawa biyu-biyu a manne. Ta ce wannan wane irin yanka ne na malalaci? Ya ce ɗaya nata, ɗaya nasa, in tana so ta raba da hannunta. Ta yi tsaki ta ce ba ta da lokacin shirme. Amma fa ba ta bari ya canza ba. Ranar da ya manta ya yanka ɗaiɗai, ture kwalin da suke ci a kai ta yi, ta ce ita ba baƙuwa ba ce a gidan nan.

A lokacin fatar natsik tana da daraja. Ulipika ta kankare da wuƙarta mai kamar rabin wata, ta shanya, shi ya kai kanti, abin da aka samu ya sayi fetur da harsashi da gari. Nama a ci, kitse a ci, fata ta ciyar da injin kwale-kwale, ba abin da ke zubewa. Kwatsam sai labari ya zo cewa mutanen wasu ƙasashe masu nisa sun ga hotunan farauta, ba ma tamu ba, ta wasu ce daban a wani teku daban, ransu ya ɓaci, sun daina sayen fata. Ba wanda ya zo ya tambaye mu komai. Mutanen da ba su taɓa kwana da yunwa a inda ko ciyawa ba ta tsayi ba, su ne suka zauna suka yanke mana abin da ya dace mu ci. Ni har yau in na tuna sai raina ya sosu. Maza ƙarfafa suka koma zaman gida, jiragensu suka ruɓe a bakin gaɓa, wasu giya ta ɗauke su, wasu abin da ya fi giya muni.

Naulak ba zai iya zama ba ko da ya so. Ya kama aikin tuƙa tankar ruwa, yana bi gida-gida yana cika wa mutane tanki, shekara ashirin da shida. Ranar Asabar kuwa ko me ake yi yana kan teku. A aljihunsa akwai wata 'yar gorar roba, tsohuwa, duk ta loɓe, kullum cike da ruwan daɗi. Wani fasto ya taɓa ce masa shayar da mataccen natsik aikin mutanen da ne, bai kamaci mai zuwa coci ba. Naulak ya ce, "To, na ji." Ya ci gaba da abinsa. In ya dawo da kamu, ya buga waya gidan rediyon gari, muryarsa ta fito a kowane ɗakin girki: "Naulak ne. Akwai nama. Ku zo da roba." Kalmominsa ke nan kullum, ba ƙari ba ragi, ya kife wayar.

'Yarsu ɗaya ce, Malaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya kiranta komai sai "Uwata". Ta tafi karatu kudu sanye da takalman fatar natsik da Ulipika ta ɗinka mata. Wata rana a tashar bas wata mata ta dubi ƙafarta, ta tofa yawu a gefenta, ta kira ta mai kisan kai. Malaya ta cire takalman ta cusa a ƙarƙashin gado. Da ta dawo hutu aka baje kwali a ƙasa, aka ɗora hanta mai ɗumi da kitse, ta ce ta ƙoshi. Kwana uku tana cewa ta ƙoshi, a na huɗu ta tare shi a ƙofa yana ɗaura takalmi.

"Ataata," ta ce, don haka muke kiran uba, "yana jin zafi?"

"Yana ji mana. Dutse ne?"

"To ba ka jin tausayinsa?"

"Ina ji. Saniyar da suke ci a can ma tana jin zafi, Uwata. Su dai a leda take zo musu. Ni ina ganin idon nawa."

"To ganin idon da kake yi, yana rage masa zafin?"

Naulak ya kwance igiyar takalmin ya sake ɗaurawa. Can ya ce, "A'a, ba ya ragewa. Abin da na iya shi ne kada ya ji sau biyu, kuma kada ya mutu a banza." Ya fita. Ya faɗa wa Ulipika daga baya cewa tambayar ta bi shi har kan ƙanƙara, ranar bai iya tsayuwa a bakin rami ba. Malaya ta yi shekara guda ba ta ci ba, ba wanda ya matsa mata. Wata safiya da kanta ta zauna ta miƙa hannu cikin kwalin ta ci. Yanzu ita ke koyar da yara a makarantar gari, da takalman a ƙafarta.

Bara ne ciwo ya kama Ulipika, aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibiti a Ottawa, babban birni can kudu, Naulak ya raka ta. Mako bakwai ya yi. Ka yi tunanin mutumin nan a ɗakin da taga ba ta buɗuwa! Ya auna barandar asibitin da ƙafa har ma'aikata suka san ƙarar takalminsa. Ƙarshe Ulipika ta ce, "Tsoho, ka tafi gida. Kai da komon nan naka ya fi ciwon gajiyar da ni. Ka turo min Malaya in an yi hutu."

Ya dawo, ya tarar gida ya fi asibitin ƙunci. Firiza wayam, don duk abin da ke ciki ya rabar kafin su tafi. Kwana biyu da dawowarsa, ranar Talata, wayar ta zo. Wata nas ce 'yar yankinmu, ta ce Ulipika ta daina cin abinci tun ranar da ya baro ta, in aka kawo sai ta juya kai. Likita ya ce in ba ta samu ƙarfi ba, ba za a iya ci gaba da maganin ba. Aka kara mata wayar a kunne. Muryarta ta yi siriri har sai da ya toshe ɗaya kunnen.

"Abincinsu ba ya ɗumama ni," ta ce. "Sanyi nake ji a cikin ƙashi. Natsik nake so, tsoho. Naka."

Jirgin saman da Malaya za ta bi ranar Alhamis yake tashi, da tsakar rana. Watan kuwa Yuli ne.

Laraba da sassafe ya tashi Simiuni, ƙanen Ulipika, wanda shekara talatin shi ke riƙe masa injin kwale-kwale. Simiuni ya fito yana hamma, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mijin yaya, ka kwana kuwa? Ji idonka kamar na wanda aka kora daga gida."

"Ka tayar da inji, ka bar surutu."

"Ai dama korar ka aka yi. Duk gari an ji, an ce ka cinye musu daɓen asibiti da yawo."

"Simiuni!"

"Na tayar, na tayar. Mutum sai ka ce tukunya a kan wuta."

Suka kutsa tsakanin ɓaraguzan ƙanƙara da ke yawo a kan ruwa. Suka kashe inji suka saurara, suka tayar suka matsa, suka sake kashewa. Awa ɗaya, biyu, huɗu. Naulak ya riƙa kankarar gefen jirgin da farce, don natsik akwai son ganin ƙwaƙwaf, in ya ji ƙara yakan ɗago ya duba. Shiru. Ya zauna, ya miƙe, ya duba agogo, ya duba mashi da igiyarsa, ya sake duba agogo. Simiuni ya ce in bai daina rawa ba zai kifar da su. Tun ranar tambayar Malaya, wannan ne karo na farko da Naulak ya kasa natsuwa a kan teku, shi kansa ya lura, abin ya ba shi tsoro.

Rana ta karkata lokacin da wani kai baƙi ya ɓullo can gaban wani tsibiri mai duwatsu uku. Nesa ne. A watan sanyi da ba a kira shi nesa ba, amma a Yuli nesa ne ƙwarai. Ƙa'ida ita ce ka bari ya nutse, ka matsa a hankali, ka jira ya sake fitowa, sau biyar, sau goma, har ya zo inda mashi zai kai gare shi kafin ruwa ya haɗiye shi.

"Bari ya matso," Simiuni ya raɗa.

Naulak ya ɗora bindiga a kafaɗa. Ya ji muryar nan siririya tana cewa sanyi take ji a ƙashi. Ya tuna jirgin saman gobe. Ya ce a ransa in wannan ya nutse bai sake fitowa ba fa? Yatsansa ya riga shi yanke shawara.

Harbin ya yi kyau, kash, ya yi kyau sosai. Kan ya faɗa baya. Simiuni ya fizgi inji, jirgin ya zabura, Naulak na gaba a durƙushe da mashi a sama. Saura tsawon jirgi uku ya ga bayan dabbar yana yin ƙasa. Ya jefa mashin da duk ƙarfinsa, ya wuce ta sama. Da suka isa ya kifa ciki a gefen jirgin, ya zura hannu har kafaɗa cikin ruwan. Yana ganinsa sarai, ruwan garau yake, zoben fatar na haske, yana juyawa a hankali yana ƙanƙancewa. Suka jefa ƙugiya, suka ja, suka sake jefawa. Wurin zurfi ne da shi.

Naulak ya zauna a ƙasan jirgin, hannun rigarsa na ɗiga. Abin da ke yawo a kan Naulak kalmomi uku ne, da muryar mutumin da ya shekara talatin a kabari: wa ya ci?

Suna nan zaune sai wani kan ya ɓullo ta ɗaya gefen. Nisan kusan ɗaya ne da na farko.

"Ga wani! Mijin yaya, ga wani, harba!"

"Zai nutse."

"Wataƙila ba zai nutse ba, wannan ya fi ƙiba. Harba mana!"

"Na ce zai nutse. Mu matsa."

"Mu matsa ina? Dubi iska, dubi ƙanƙara tana rufe hanya. Minti ashirin ba mu juya ba, a nan za mu kwana. In ba za ka iya ba, ba ni."

Simiuni ya kai hannu ya ɗauki bindigar. Kafin ya saita, Naulak ya ɗaga ƙafa ya buga wa ƙasan jirgin dunduniya, gwam, gwam, gwam. Kan ya ɓace. Bai sake fitowa ba.

Simiuni ya juyo a fusace. "Ka haukace ne? Yayata ce fa a kwance! Matarka! Saboda dabba?"

"Biyu a rana ɗaya, Simiuni? Biyu a ƙasan teku, ita kuma ba ta ci ko ɗaya ba?"

"In da bai nutse ba fa?"

Naulak kansa bai sani ba. Suka juya suka iso gaɓa. Simiuni ya ɗaure jirgi ya wuce gida ko waiwaye bai yi ba, iskar kuwa ta tashi sosai, ta yadda ba mai sake fita sai bayan kwana biyu.

Alhamis da safe Malaya ta same shi yana zagaye ɗakin girki, kular da za ta tafi da ita na buɗe a ƙasa, ba komai a ciki. Ya faɗa mata duka, bai ɓoye ba. Ta dubi agogo, ta ɗauko waya ta miƙa masa.

"Ataata, kira rediyo."

"In ce me?"

"Ka san abin da za ka ce."

"Uwata, ni ban taɓa roƙon nama ba. A ce Naulak ya fita ya harbi natsik ya bar wa teku, yanzu kuma yana bara?"

"To ka zaɓa. Ko a ce haka, ko in tafi da kula wayam."

Ya riƙe wayar kamar garwashi. Ya buga ya kashe, ya sake bugawa. Mu da ke gida muna karyawa muka ji muryarsa ta fito, har wasu sun fara neman roba. "Naulak ne," ya ce. Sai shiru, har mai gabatarwa ta ɗauka layin ya yanke. "Babu nama. Jiya na harbi natsik daga nesa, ya nutse. Laifina ne. Ulipika ba ta cin abinci, natsik take so, jirgi ƙarfe goma sha biyu. Wanda yake da shi..." Bai ƙarasa ba ya kife.

Minti goma ba a yi ba aka fara buga ƙofa. Wannan ta zo da kafaɗa daga firiza, wancan da hanta, wata da kitse a kwalba, wani da busasshen hanji da aka kitsa. Ba wanda ya yi masa jaje, ba wanda ya dube shi da yawa, mun san ba zai iya ɗauka ba. Kowa ya ajiye ya ce a gaida Ulipika. Na ƙarshe Simiuni ne, ya dire leda cike da haƙarƙari a kan tebur, fuska a murtuke.

"Na watan jiya ne," ya ce. "Ba don kai ba, don yayata. Kai kuma ka je ka ci duwatsu ukun nan."

Kular ta ƙi rufuwa sai da Malaya ta zauna a kai. A filin jirgi Naulak ya ja ta gefe ya ce, "Ki ce mata nawa ne." Malaya ta ce ita ba za ta ce komai ba, in an tambaye ta dai ba ta iya ƙarya ba.

Juma'a ya wuni yana kai da komo tsakanin waya da taga. Ya wanke kofin da yake a wanke, ya fita ya dawo don kada a kira ba ya nan. Wajen ƙarfe uku wayar ta yi ƙara, kafin ta yi ta biyu ya ɗaga. Malaya ce, tana kuka tana dariya. Ta dafa a masaukin masu jinya ta kai. Mahaifiyarta ta sha romo rabin kofi, ta huta, ta sha sauran, ta ci tsoka biyu, har ta ce a cire mata bargo ɗaya, zafi take ji. Naulak ya zauna a kujera ba tare da ya sani ba.

"Ga ta, tana son magana."

Ya ji numfashinta kafin muryar.

"Tsoho."

"Na'am. An ce kin ci."

"Na ci. Haƙarƙarin ɗaiɗai ne."

Kafin ya nemi abin faɗa ta ci gaba.

"Yankan Simiuni ne, na san shi, kamar da gatari yake yi. Ina nawa?"

Sai ya faɗa mata. Nisan, da harbin, da yadda ya ga zoben fatar suna yin ƙasa, da na biyun da ya kora da ƙafarsa alhali ya san tana kwance. Ya ce in tana so ta yi fushi ta yi, don shi ma bai san ko daidai ya yi ba. Yana jin ƙarar wata na'ura a kusa da ita.

"Da ka harbi na biyun ya nutse, da ban ci na kowa ba," ta ce. "Na farkon fa, ka ba shi ruwa?"

"Ulipika, yana ƙasan teku."

"Saboda ni ya mutu, tsoho, kuma ban ci shi ba. Kada ya tafi da ƙishi ma. Ai ka san wurin."

Asabar iska ta kwanta. Naulak ya je ya buga ƙofar Simiuni, ya ce masa ba da bindiga za su ba. Simiuni ya dubi aljihun da gorar ta kumbura, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa, ya shiga ya ɗauko rigarsa. A gaban tsibiri mai duwatsu uku suka kashe inji. Naulak ya durƙusa a gefen jirgin, ya buɗe gorar, ya riƙa ɗiga ruwan a hankali kamar yadda ake ɗigawa a baki, har ta ƙare.

Bai tashi ba. Ya tsaya a sunkuye yana kallon wurin, ko gira ba ya ɗagawa. Simiuni ya jira minti goma, ya jira ashirin, ya zuba shayi ya sha, ya zuba wa mijin yayarsa nasa ya ajiye masa a gefe. Shayin ya huce a nan bai taɓa shi ba.